"Wai ruwa ya taru a kan Goggo": fashin baƙi kan ɗakunan ruwan ƙwaƙwalwa da yadda shekaru ke buɗa su

Wajen sha ɗayan dare ƙanwata ta turo min hoton wata takarda ta WhatsApp, kafin ma ya gama buɗewa ga kiranta ya shigo murya na rawa. "Yaya, Goggo ce fa, wai ruwa ya taru mata a ƙwaƙwalwa." Goggon nan tamu ta doshi tamanin, a Pantami cikin garin Gombe take zaune, santsi ne ya kwashe ta a bakin famfo ta bugu a goshi, aka kai ta asibiti likita ya ce a yi hoton kai dan a tabbatar jini bai zuba a ciki ba. Alhamdulillahi bai zuba ba. Sai dai a ƙasan rizot ɗin an rubuta da Turanci cewa ɗakunan ruwan ƙwaƙwalwarta sun ɗan buɗe, daidai da shekarunta. Wani yaron maƙwabta ne ya karanta musu, ya fassara "sun buɗe" ya bar "daidai da shekarunta" a takarda, shi ke nan gida ya kacame, har an fara maganar a sayar da tumakinta a tafi Kano.

Ni aikina ke nan ɗaukar irin wannan hoton, CT, ba ni ke rubuta rizot ba likitan hoto ne ke yi, amma kan tsofaffi da na yara da suka wuce ta gabana a kwamfuta wallahi ban san adadinsu ba. Kuma wannan firgitar ta su Goggo ba ta farko ba ce, kusan duk wata sai wani ya tare ni a masallaci ko wajen ɗaurin aure da takarda a aljihu. Shi ya sa na ce bari in zauna in warware maganar.

Abu na farko, kowa yana da ruwa a ƙwaƙwalwa. Ni, kai, jaririn da aka haifa yau da asuba, liman, gwamna, kowa. A tsakiyar ƙwaƙwalwa Allah Ya yi wasu ɗakuna guda huɗu, manya biyu ɗaya a ɓarin dama ɗaya a hagu masu lanƙwasa kamar ƙahon rago, sai na uku siriri a tsakiya a ƙarƙashinsu, sai na huɗu can ƙasa ta wajen ƙeya. Duk a haɗe suke, ruwa na fita daga manyan biyun ya sauka na uku, daga na uku ya bi wata 'yar magudana da kaurinta bai wuce tsinken tsintsiya ba ya faɗa na huɗu, daga nan ya fita ya zagaye ƙwaƙwalwa ta waje ya gangara ya wanke lakar da ke cikin ƙashin baya, a ƙarshe jijiyoyin jini su shanye shi. Ku riƙe maganar 'yar magudanar nan, za mu dawo kanta.

Ruwan fari ne tas kamar ruwan sama da aka tara a kwano mai tsabta. Jikin babba yana yin kamar mililita 500 a rana, wato ledar piya wata guda cur, amma wanda ke ciki a lokaci ɗaya bai wuce 150 ba, kun ga ke nan ana sabunta shi sau uku zuwa huɗu kullum. A cikin 150 ɗin ma wanda ke cikin ɗakunan a kan matashi mai lafiya wajen 25 ne, kamar cokalin shayi biyar, sauran duk yana waje ne yana zagaye. Amfaninsa? Ƙwaƙwalwar babba ta kai kilo ɗaya da giram 300 zuwa 400, kuma laushi gare ta kamar awara da ba a soya ba, da a ce zaune take daɓas a kan ƙashi nauyinta kaɗai zai danne jijiyoyin da ke ƙarƙashinta. To a cikin ruwa take iyo, nauyin da ƙasan kai ke ji bai wuce giram 50 ba. Duk ramin da ɗan acaɓa ya faɗa da kai tsakanin Tashar Dukku da Tumfure, ruwan nan ne ke tare girgizar. Kuma shi ke kwashe dattin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa.

Toh me ya haɗa shi da shekaru?

Ƙoƙon kan babba rufaffen akwati ne, ba ya buɗewa ba ya tsukewa. Abu uku ne a ciki, naman ƙwaƙwalwa, jini, da wannan ruwan, in ɗaya ya ragu dole wani ya ƙaru ya cike gurbin dan ba a barin wajen fanko. Wani likita a Sikotlan mai suna Alexander Monro ne ya kafa tushen wannan maganar tun 1783, George Kellie ya ƙara tabbatarwa a 1824, har yau da sunansu ake kiran ƙa'idar. Ita kuwa ƙwaƙwalwa tana gama cika ne wajen shekara ashirin da 'yan kai, ta ɗan tsaya, daga wajen arba'in ta fara raguwa a hankali, ƙiyasin da aka saba bayarwa shi ne kamar kashi 5 cikin 100 a duk shekara goma, bayan saba'in kuma abin ya ƙara sauri. Manoman gyaɗa sun fi kowa gane wannan. Ɗanyar gyaɗa in ka tone ta ƙwayar ta cika ɓawo fam, in ta sha rana ta bushe ɓawon na nan yadda yake amma ƙwayar ta ja jiki har in ka girgiza kana jin ƙara. Bambancin kawai, a gyaɗa iska ke cike gurbin, a kan mutum ruwa ne.

Saboda haka in ka sa hoton ɗan shekara 20 da na ɗan shekara 80 gefe da gefe, ko ba ka yi boko ba za ka gane. A hoton CT ruwa baƙi yake fitowa, nama toka-toka, ƙashi fari. Na matashin ɗakunan 'yan sirara ne kamar an tsaga da reza, wani lokaci sai ka ƙura ido kake ganinsu. Na tsohon kuwa sun buɗe kamar fikafikan malam-buɗe-littafi, gefunansu sun yi zagaye, sannan tsagogin da ke bayan ƙwaƙwalwa, waɗannan lanƙwashe-lanƙwashen, su ma sun yi faɗi ruwa ya kwanta a ciki. Buɗewar ba ta tafiya da gudu ɗaya, daga ƙuruciya zuwa hamsin kaɗan-kaɗan ne da kyar ake lura, daga sittin ne take ɗaukar wuta. A wannan yanayin ruwan ba ya danne komai, bai kori nama ba, nama ne ya matsa shi kuma ya zauna a inda aka bari. Ba abin da za a zuƙe, ba tiyata, ba maganin da zai mayar da shi. Na Goggo ke nan. Matar da har yau ta san wanda ya ci mata bashin naira ɗari biyu tun bara, ta san sunan jikoki da tattaɓa kunne ɗaya bayan ɗaya.

Likitocin hoto suna da awo mai sauƙi da wani William Evans ya kawo a 1942. Ana auna faɗin ƙahonnin gaba na manyan ɗakunan biyu, a raba shi da faɗin cikin ƙoƙon kai a inda ya fi faɗi. In amsar ta haura 0.3 sai a ce ɗakunan sun buɗe. Misali ƙahonni santimita 4, cikin kai santimita 13, ka ga an ɗan haura ke nan. Amma lambar nan ba hukunci ba ce, akwai tsofaffi garau da suka haura ta suna zuwa gona abinsu. A 2007 ma likitoci a Marseille ta Faransa sun ba da labarin wani ma'aikacin gwamnati ɗan shekara 44 mai mata da 'ya'ya biyu, ya je asibiti dan ƙafarsa ta hagu ta ɗan yi rauni, da aka yi hoto sai aka ga ruwa ya cinye kusan duk cikin kan, ƙwaƙwalwar ta koma siririn faifai manne da ƙashi, tun yana jariri abin ke tafiya a hankali kuma yana rayuwarsa. Ni duk sanda na tuna labarin nan sai in ƙara jin tsoron yanke wa mutum hukunci da hoto kaɗai.

Ban ce duk raguwar ƙwaƙwalwa tsufa ce zalla ba fa. Akwai abubuwan da ke sa ta yi gaggawa, kuma mu nan babban cikinsu hawan jini ne da ba a kula da shi, mutum ya sha magani sati biyu ya ji sauƙi ya ajiye. Sai ciwon suga, sai giya, sai shanyewar ɓarin jiki da ke kashe wani yanki na naman ɗakin da ke kusa ya buɗe ya cike wajen, sai cutar mantuwa ta Alzheimer. In na ga ɗan shekara 50 da kan ɗan shekara 75, kusan kullum in aka duba fayil za a tarar da hawan jini na shekaru. Wannan kam da ciwo, dan abu ne da ake iya rage masa gudu da ƙwayar da ba ta kai kuɗin katin waya ba.

Akwai kuma wani abu da raguwar ke jawowa da ya kamata duk mai tsoho a gida ya sani, shi ne ma abin da na fi ja wa ƙanwata kunne a kai a daren nan. In ƙwaƙwalwa ta ja jiki ta bar ƙashi, ƙananan jijiyoyin jinin da suka ratsa tsakaninsu sai su miƙe kamar igiyar shanya da aka ɗaure tamau. Ɗan bugu kaɗan, ko karo da ƙofar ɗaki, zai iya tsinka ɗaya, jini ya riƙa tsiyaya a hankali, hoton ranar farko ya fito lafiya lau, sai bayan sati uku ko wata guda tsoho ya fara yawan barci, rikicewa, ciwon kai, ko ɓari ɗaya ya yi sanyi. Lokacin kowa ya manta da faɗuwar. Wannan ana yi masa aiki a fitar da jinin mutum ya dawo daidai in an kai shi da wuri. Na ce mata ku sa wa Goggo ido na wata biyu, in kun ga ta canza ku dawo da ita ko da an ce hoton farko ba komai.

Yanzu ɗaya ƙarshen rayuwa, wato yara, a gurguje. A farkon ciki ɗakunan nan su ne suka kusa cika kan ɗan tayi, sai ƙwaƙwalwa ta yi ta girma tana matse su. Shi ya sa in mai ciki ta je sikanin wajen wata biyar ake auna su, ana so kada su kai milimita 10. Jariri kuma kansa ba rufaffen akwati ba ne tukuna, ƙasusuwan ba su haɗe ba, ga maɗiga da ba ta rufewa sai wajen shekara ɗaya da rabi. To in 'yar magudanar da na ce ku riƙe ta toshe, ko wajen da ke shanye ruwan ya lalace, jiki ba ya daina yin ruwa, kamar a rufe ƙofofin dam ɗin Dadin Kowa ne alhali Gongola na ci gaba da kawo ruwa. Ɗakunan su kumbura, kai ya yi ta girma, maɗiga ta tashi tsan-tsan, jijiyoyin fatar kai su fito raɗa-raɗa, idanu su koma kallon ƙasa kamar rana za ta faɗi. Ana haifar wasu da shi, da yawa kuma a ƙasashenmu bayan sanƙarau ne ko wata cuta da ta kama jariri a kwanakin farko. Mu da muka ga annobar sanƙarau ta 1996 a Arewa mun san ba baƙon ciwo ba ne. Kan jariri a haihuwa wajen santimita 35 ne, in ana zuwa awo da rigakafi ana sa tef a kan za a gane da wuri. Wannan shi ne ruwan da ke danne ƙwaƙwalwa, shi ake yi wa aiki, ko a sa siririyar roba mai bawul daga kai ta bi ƙarƙashin fata ta zubar da ruwan a cikin cikin yaron, ko a huda masa sabuwar hanya da na'ura. Bawul ɗin ma wani makaniki ne a Amurka, John Holter, ya ƙera shi a shekarun 1950 saboda ɗansa da ke da ciwon tun yana jariri. Dan Allah in kan yaro na girma fiye da kima kar a tsaya tsaga da hayaƙi, duk satin da ya wuce nama ne ke matsewa.

Amma abin da ya fi ci min rai, wanda shi ne ainihin dalilin rubutun nan, wani abu ne da ke tsakanin na Goggo da na jarirai, kuma mu da kanmu muka kusa yin sakaci da shi a gida.

Bappana, ƙanin mahaifinmu, ɗan kasuwar hatsi ne a wajen Kumo, mutum ne da da ƙafa yake zagaye kasuwa tun safe har la'asar. Ya ɗan haura saba'in sai tafiyarsa ta canza. Ba ɗingishi ba, ba ciwon gwiwa ba, ƙafar ce ba ta ɗaguwa, yana jan ta a ƙasa kamar wanda ke tafiya a taɓo, ya ware ƙafafu, taku ƙanana-ƙanana, in zai juya sai ya yi taku biyar ko shida. Silifas ɗinsa duk sun cinye ta gaba. Daga baya fitsari ya fara kufce masa, dattijo mai kunya, sai ya daina zuwa jam'i dan kar alwala ta karye a sahu, bai gaya wa kowa ba sai Inna matarsa ce ta sani. Sai kuma ya yi sanyi, ka yi masa tambaya ya daɗe kafin ya amsa, lissafin buhuna da yake yi da ka ya fara gagararsa. Kowa ya ce tsufa ne. Wasu suka ce hannu aka sa masa a kasuwa. Ni kaina da nake cikin harkar na fi shekara ina cewa tsufa ne, sai ranar da na je gaishe shi da sallah na ga ya tashi daga tabarma zai raka ni zaure, ya tsaya cak ƙafa ta ƙi tashi, ya dube ni ya ce "ɗana, ƙasar nan riƙe ni take yi." Gabana ya faɗi, dan wannan kalmar kusan ita ce a littafi.

Ciwon nan wani likita ɗan Kolombiya, Salomon Hakim, ne ya gano shi, a 1965 suka wallafa bayaninsa shi da Raymond Adams. Ruwa ne ke taruwa a ɗakunan tsoho a hankali saboda jiki ya rage shanye shi, in aka auna ƙarfinsa da allura ta ƙasan baya sai a ga kusan daidai yake, shi ya sa ba ciwon kai ba amai, amma ɗakunan na buɗewa suna miƙe jijiyoyin da suka bi ta gefensu, kuma na ƙafa da na mafitsara ta nan suka bi. Alamominsa uku, tafiya, fitsari, sanyin tunani, yawanci tafiyar ce ke fara lalacewa. A hoto kuma yana da kamanninsa in mai karantawa ya nutsu. Na tsufa zalla, ɗakuna sun buɗe tsagogin waje ma sun buɗe ko'ina daidai wa daida. Na wannan kuwa ɗakunan sun buɗe fiye da kima, amma tsagogin can saman kai a matse suke kamar an tura ƙwaƙwalwar sama. Matsalar ita ce in an yi hoton an rubuta "sun buɗe" kawai, likitan da ke duba mara lafiya yana da mutum sittin a layi, 'yan uwa kuma ba wanda ya ambaci tafiya ko fitsari saboda kunya, sai a ce shekaru ne a ba da maganin ƙarin jini a sallame shi. Haka aka yi wa Bappa a wani asibiti kafin ni in farga.

Gwajinsa ba wani abin tashin hankali ba ne. Ana auna tafiyar mutum ta mita goma da agogo, a ƙirga taku, sannan a sa allura a ƙasan baya a ɗebi ruwan mililita 30 zuwa 50, a jira 'yan awoyi a sake auna tafiyar, wani lokaci har washegari. In tafiya ta gyaru alama ce mai ƙarfi cewa sa robar nan zai taimaka. Na san mutanenmu na tsoron allurar baya, ana cewa tana gurgunta mutum, amma inda ake sa ta ƙasa yake da inda laka ta ƙare. Kuma gaskiya ba kowa aikin ke yi wa amfani ba, robar na iya toshewa ko ta kama cuta, wanda ke da Alzheimer a haɗe mantuwarsa ba za ta tafi ba, tafiyar ce ta fi gyaruwa sai fitsari, tunani shi ne na ƙarshe, kuma wanda ya daɗe da ciwon ba kamar wanda aka kama da wuri ba. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa ma ba su da yawa, a manyan asibitocin koyarwa ake samunsu, ga kuɗi. Duk da haka a cikin cututtukan da ke kama da rikicin tsufa wannan na cikin 'yan kaɗan da ake iya juyawa.

In za ku kai tsoho asibiti kan irin wannan, ku ɗauki bidiyon tafiyarsa da waya a tsakar gida, da yadda yake juyawa. Ku tafi da wanda ke kwana da shi, dan shi ya san maganar fitsari. In akwai tsohon hoto ko na shekara biyar ne ku haɗa da shi, faifan ko fim ɗin ba takardar rizot kaɗai ba, hoto biyu da tazarar shekaru sun fi hoto ɗaya magana nesa ba kusa ba. Ku faɗi me ya fara zuwa, mantuwa ce ko tafiya.

Ranar da aka ɗebi wa Bappa ruwan ni na riƙe agogo a barandar asibiti. Da safe mita goman nan sai da ya yi taku talatin da ɗaya, ina gefe ina tare shi. Bayan la'asar aka ce ya sake, ya yi ta a taku ashirin, ya juya a taku biyu, Inna na zaune a benci ta rufe baki da mayafi. Bayan kwana uku tafiyar ta koma yadda take, dama an gaya mana haka za a yi tunda jiki ya mayar da ruwan da aka ɗiba. Yanzu an ba mu ranar ganin likitan tiyata, 'ya'yansa na ta haɗa kuɗi, shi kuma tambayar da yake yi min duk na kira ita ce ko zai iya komawa sahun gaba kafin azumi. Goggo kuwa tumakinta na nan, goshin ya warke, wata biyun sun wuce lafiya.